Abin da Gwani Ya Ce Ya Gani

Mijin yayata ne, amma a wurin aiki Gwani nake ce masa kamar kowa. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa ƙugiya, wato dogon injin ɗaga kaya, a filin da muke lodi da sauke ƙarafa. Ni a ƙasa nake, aikina ɗaure kaya da sarƙa kafin a ɗaga. Ban iya yabon mutum ba, kuma surutu gajiyar da ni yake yi. Abin da na ga ya yi kawai zan faɗa.

A aji huɗu na sakandare ya bar makaranta, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifinsu. Da shara ya fara a filin nan, ya koma shafa wa ƙugiya giris, har tsohon direban ya ga hannunsa ba ya rawa, ya koya masa aikin. Matakala saba'in da biyu ce daga ƙasa zuwa ɗakin gilashin da yake zama. Kullum da tsumma a aljihu yake hawa, ya goge gilashin da kansa, ba ya yarda wani ya goge masa. Yana iya sauke ɗaurin rodi a kan katako biyu ba ka ji ko ƙas ba. A gida ma haka yake. Yayata takan ce ta auri kujera ce mai gyaran fanka.

Saboda ƙarar injina, a filinmu ba a magana da na sama. Akwai mai ba da alama, wanda yake tsayawa inda direba zai hango shi. In ya nuna sama da yatsa yana juyawa, a ɗaga ke nan. In ya nuna ƙasa yana juyawa, a sauke. In ya miƙa hannu gefe, a tsaya. Doka ɗaya ce, kowa ya haddace ta: direba ba ya motsa komai sai ya ga hannu.

Shekara tara mai ba wa Gwani alama mutum ɗaya ne, Zakara. Sunan ya samo asali ne daga sammakonsa da kuma bakinsa, don tun daga bakin ƙofa za ka ji muryarsa. Kullum da ɗan tawul rataye a wuyansa. Da safe sai ya ɗaga kai ya kwarara ihu, “Na sama! An ga gari? Ka hango mana ko abinci ya taho!” Gwani ya danna masa oda sau biyu. Iyakar hirarsu ke nan, amma ban taɓa ganin mutum biyu da aikinsu ya saje kamar nasu ba.

Wata Laraba, wajen ƙarfe uku na rana, ana sauke ɗaurin bututu. Katako ɗaya daga cikin waɗanda za a ɗora kayan a kai ya karkace, Zakara ya matsa ya gyara shi da ƙafa. Kayan suka sauko. Ni na ba su baya, ina naɗe sarƙa. Ji na yi, ban gani ba. A nan take Zakara ya rasu.

Da Gwani ya sauko, a matakalar ƙarshe ya zauna, hannuwansa a tsakanin gwiwoyinsa. Na tsuguna gabansa.

Na ce, “Za su tambaye ka. Ya ba ka alama ko bai ba ka ba?”

Ya ce, “Ina jin ya ba ni.”

Na ce, “Babu ina ji a nan. Ka gani ko ba ka gani ba?”

Ya kalli takalminsa. Sannan ya ce, “Na gani.”

Haka ya faɗa wa masu bincike, haka ya sa hannu. Aka rubuta cewa Zakara ya ba da alamar saukewa, sannan ya shiga ƙarƙashin kaya. Bayan wata biyu aka kira mai fenti ya yi zane a bangon da ke kusa da inda muke sa hannun shigowa: mutum a tsaye yana nuna ƙasa da yatsa, ƙafarsa ɗaya a ƙarƙashin bututu, an ja jan layi a kansa. Ba a rubuta suna ba. Amma mai fentin ya tambayi yadda mutumin yake, wani ya faɗa masa, sai ya sa masa tawul a wuya. Duk sabon ma'aikaci sai an tsayar da shi gaban zanen nan an ce, kar ka yi irin wannan. Gwani ya koma sama, yana wuce zanen sau biyu a rana, har shekara huɗu.

Sai aka fito da sabuwar doka: duk direban ƙugiya sai ya kawo takardar kammala sakandare kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba ya sauko. Gwani yana da shekara hamsin da biyu a lokacin. Bai yi gardama ba. Ya je ya yi rajistar jarrabawa, ya shiga ajin manya da ake yi ranar Asabar a wata makarantar firamare, inda gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Malamar ajin ta ce ya cike darussansa da falsafa, tunda babu lissafi a ciki.

Na ce masa, “Kai da ba ka haɗa magana uku a wuni, kai ne za ka yi jarrabawar surutu? Yayata ya kamata a tura, ta cinye maka.”

Ya ce, “Zan faɗa mata.”

Littafin kashi uku ne: addini, sani, da kuma zane da sauran ayyukan fasaha. Ya yi masa bango da takardar buhun siminti. Lokacin hutun rana sai ya zauna a inuwar kwantena, abincinsa a gefe yana hucewa, yana bin layi da yatsa yana motsa leɓe.

Kashin farko bai ba shi wahala ba, har daɗinsa ya ji. Sai dai wata rana ya rufe littafin a kan yatsansa ya ce da ni, “Shekara huɗu ina cewa ƙaddara ce.”

Na ce, “To da mece ce?”

“Ita ce. Amma ranar Asabar wani ya tambayi Malama, in an riga an rubuta, me ya rage wa mutum? Ta ce yarda da ƙaddara ba ta ɗauke maka tambayar abin da hannunka ya yi.”

Na ce, “Ci abincinka, ƙuda sun fara yi maka rabo.”

Kashi na biyu ne ya fara taɓa shi. A ciki ana tambayar ta yaya mutum yake sanin abin da ya ce ya sani, ko da ido, ko da ji daga wani, ko da sabo. Malama ta ba su misalin mutumin da ya shekara ashirin yana sauka a matakalar gidansa. Ba ya kallon ƙasa, ƙafarsa ce take tafiya da kanta. Ranar da aka cire mataki ɗaya, ƙafar za ta je inda ta saba, kuma in ka tambaye shi zai rantse ya ga matakin. Wannan misalin ya dawo da shi filin aiki kamar wanda ya haɗiyi ƙaya.

Daga makon nan ya fara sa wa hannunsa ido. Ran Alhamis da aka tashi ya jira ni a wurin famfo, ya bari kowa ya wuce.

Ya ce, “Yau sau uku hannuna ya riga idona.”

“Kamar yaya?”

“Kafin sabon mai alamar nan ya juya yatsa, na riga na taɓa ƙarfen saukewa. Kafaɗarsa nake gani ta ɗan yi ƙasa, sai in san abin da zai ce. Wannan fa shekara huɗu kawai muka yi da shi.” Ya wanke hannunsa, ya sake wankewa. “Da Zakara tara muka yi.”

Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san haka ake yi. Shi ne ma abin da muke kira gwaninta, shi ya sa lodi yake sauri in an haɗa mutum biyu da suka saba. Babu dai mai faɗa a gaban ofis.

A kashi na uku, Malama ta ba su aikin gida. Kowa ya zaɓi wani zane da ya sani sosai, ya bayyana shi a rubuce ba tare da ya kalla ba, sannan ya amsa tambaya: shin zane yana nuna abin da ya faru ne, ko koya wa ido yake yi abin da zai gani? Gwani ba ya zuwa wurin kallon komai, babu ko hoto a ɗakinsa sai na aurensu. Zane ɗaya ya sani a duniya.

Ranar Litinin na same shi tsaye gaban bangon tun kafin a buɗe ofis. Fuskarsa ta yi wani irin fari.

Ya ce, “Zo ka tsaya nan. Ta ina ake ganin mutumin nan?”

Na ce, “Ta gefe mana. Ga hancinsa nan.”

“Ka taɓa hawa wurina?”

“Sau ɗaya. Ban ƙara ba.”

“Me ake gani daga can?”

Sai na gane inda ya dosa. Daga can sama ba a ganin fuskar kowa. Saman hular kwano ake gani, da kafaɗu, da hannu in an miƙa shi.

Ya ce, “In na tuna ranar nan, ta gefe nake ganinsa. Ina ganin hancinsa, ina ganin yatsansa yana nuna ƙasa, ina ganin tawul ɗin. Har jan layin nake gani. Na nemi abin da idona ya gani na rasa, wannan ne kawai yake zuwa.”

Bayan wannan, ƙarfe uku na rana ta zame masa wani abu. A daidai lokacin rana take karkatowa ta bugi gilashinsa. Sai ka ga ƙugiya ta tsaya cak, kaya suna lilo a sama, mai alama yana ta juya yatsa har hannunsa ya gaji, na sama bai motsa ba. Minti ɗaya, wani lokacin biyu. Direbobin manyan motoci su yi ta danna oda. Na tambaye shi me yake tsayar da shi. Ya ce wani yake gani tsaye kusa da katakon, hula da kafaɗu kawai, hannuwansa duka biyu a ƙasa. Yana jira ne ya ga ko zai ɗaga hannu.

“Yana ɗagawa?”

“Kafin ya ɗaga ranar take gocewa.”

Yayata ta zo gidana ranar wata Lahadi, ko zama ba ta yi ba ta fara.

“Kai, me kuka yi wa mijina a wurin aikin nan? Na ce masa abinci ya nuna, wai ta yaya na sani. Na ce da hanci na sani, malam, tashi ka ci. Sai ya zauna ya tasa kwano a gaba kamar an ba shi gadinsa. Wandonsa har ya fara zamewa. In littafin nan ne, wallahi murhu zan sa shi.”

Na ce, “Yaya, bar shi. Saura wata ɗaya jarrabawa.”

Washegari na tare shi a bayan kwantena. Na ce masa ya saurare ni da kyau. Zakara ya tafi, Allah ya jiƙansa, babu takardar da za ta dawo da shi. Shi kuma yana da mata, yana da 'ya'ya biyu da ba su gama makaranta ba, kuma babu abin da ya iya sai ƙugiya. Ya ci jarrabawarsa, ya miƙa takarda, ya koma kujerarsa. Littafin an yi shi ne don a amsa tambaya biyar a cikin awa biyu, ba don mutum ya kwance rayuwarsa ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Ranar nan na ce maka ina ji. Kai ka ce babu ina ji.”

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya zage ni.

Ranar jarrabawar falsafa ni na kai shi a babur ɗina. Ya sa farar riga, ya shiga layi da yara sa'o'in 'ya'yansa, har mai gadi ya ce iyaye su tsaya a waje. Ya nuna masa katinsa. Na jira shi a ƙarƙashin wata bishiya. Da ya fito, yatsunsa duk tawada, na ce yaya? Ya ce an tambaye su ko za a iya dogara da abin da mutum ya tuna, kuma ya nemi ƙarin takarda har sau biyu. Tunda nake da shi ban taɓa jin magana ta yi masa yawa ba sai ranar.

Bayan wata uku sakamako ya fito. Ya ci duka, kuma falsafar ce ya fi ci. Yayata ta yi ta kiran 'yan uwa a waya. Ni ma na saki jiki, na ɗauka an gama.

Ranar Litinin ya ce in raka shi ofishin manaja. Takarda biyu ya ajiye a kan tebur. Manaja ya ɗauki ta farko, ta sakamakon jarrabawa, ya yi murmushi, ya ce, “Gwani, ka fitar da mu kunya.” Ya ɗauki ta biyu, wadda aka rubuta da hannu. Murmushin ya tafi tun a layi na biyu.

“Kana nufin ƙarya ka yi wa masu bincike?”

“A'a, ranka ya daɗe. Na ce na gani. Yanzu ina cewa ban sani ba ko na gani.”

“To ina bambancin?”

“In ƙarya na yi, da na san gaskiyar. Ban san ta ba. Yana yiwuwa ya ba ni alama. Yana yiwuwa kafaɗarsa ce ta motsa zai gyara katako, hannuna ya tafi da kansa. An rubuta laifin a kansa saboda maganata, ni kuma maganata ba ta kai ta ɗauki wannan nauyin ba.”

Manaja ya cire tabarau ya murza idonsa. Ba mugun mutum ba ne. Ya tura takardar da yatsa ɗaya zuwa gefen Gwani.

“Ban karanta wannan ba. Ɗauki abarka. Ka san in ta shiga fayil ba zan iya barin ka a sama ba?”

Gwani ya ce, “Wannan kam na sani.” Ya sake tura ta.

Manaja ya dube ni. “Kai ba surukinka ba ne? Yi masa magana mana.”

Na ce, “Na taɓa yi masa magana sau ɗaya, ranka ya daɗe. Ta isa.”

Cikin mako biyu aka sauko da shi. Aka ba shi ɗakin ajiyar kayan aiki, yana miƙo mana sarƙa da safar hannu ta taga. A rahoton aka ƙara layi ɗaya, cewa ba a tabbatar da wanda kuskuren ya fito daga wurinsa ba. Zanen kuma aka shafe shi da farin fenti. Yayata ta yi kwana goma ba ta yi wa kowa a cikinmu magana ba, daga baya ta ce da ni, “Da na sani da na ƙona littafin nan tun ranar.” Ban san ko har zuciyarta take nufi ba.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, da hantsi, ya ce in kai shi wurin matar Zakara. Tela ce, tana da ɗan shago a layin da ke bayan tashar mota. Muka same ta a kan keke tana ɗinka hannun riga. Ta gane mu. Ta amsa gaisuwa ba ta daina taka keken ba, ta nuna mana benci da haɓa. Gwani bai zauna ba. A tsaye ya faɗa mata duk abin da ya faɗa wa manaja, bai ƙara ba bai rage ba.

Keken ya tsaya.

Ta ce, “To ya ba ka alamar ko bai ba ka ba?”

“Ban sani ba.”

“Shekara huɗu, malam. Shekara huɗu ina yi masa faɗa a raina. Ina cewa mutum da hankalinsa, da 'ya'yansa, ya ce a sauke sannan ya kai ƙafarsa. Ko addu'a zan yi masa sai na fara haɗiye haushinsa. Da ka zo ka ce min kai ne, da na san inda zan ajiye shi. Yanzu ka ce min ba ka sani ba. Ina kake so in kai shi?”

Gwani ya sunkuyar da kai. Gumi yana bin wuyansa.

Ta ciro rigar daga ƙarƙashin allura, ta yanke zaren da haƙori, ta ninke ta a cinyarta.

“Babban ɗansa yana zuwa gobe da rana. Tun ranar da wani ɗan unguwarmu da ya yi aiki a wurinku ya ba shi labarin zanen nan, bai ƙara ambaton ubansa ba. Ka dawo ka faɗa masa da bakinka, kamar yadda ka faɗa min. Ni ba zan iya ɗaukar masa wannan ba.”

Ya ce, “Zan zo.”

“Kai kaɗai,” in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Ya je. A ƙafa ya tafi, ya ƙi babur. Yayata ta ce ya fi awa uku kafin ya dawo. Ban tambaye shi abin da aka yi ba, shi ma bai faɗa ba. Ranar Litinin ƙarfe bakwai ya buɗe tagarsa, ya miƙo min sarƙata kamar kullum.

Ni ma akwai maganar da ya kamata yaron nan ya ji daga bakina. Sau biyu ke nan ina kaiwa bakin layin shagon, in tsaya injin babur ɗina yana aiki, sannan in juya.